Zazzaɓin kaluluwa: fararen ƙwayoyin jinin ɗana sun yi yawa, likita kuma ya ce babu magani

Tambaya

Assalamu alaikum. Babban ɗana shekararsa 19, yana jami'a, kuma ɗan ƙwallo ne. Yau kwana 16 ke nan yana fama da zazzaɓi, da ciwon maƙogwaro mai hana shi haɗiyar ko da yawu, da kaluluwa a wuya har ta bayan kunne. An yi masa maganin maleriya, an yi na taifot, mai kemis ya ba shi Ampiclox, bayan mako guda ƙuraje suka feso masa a jiki duka. Da muka je asibiti aka ɗebi jini, sai aka ce fararen ƙwayoyin jininsa sun kai 16,000, kashi 62 cikin 100 limfosait ne, wasu ma siffarsu ta sauya. Likita ya rubuta "glandular fever", ya ce babu magani sai hutu da Panadol, ya kuma hana shi ƙwallo. Ƙanwata ta ce irin wannan sakamakon aka gani ga wani da ya yi sankarar jini. Kakarsa ta ce beli ne, a kai shi wurin wanzami. Wani kuma ya ce ta sumbata ake ɗaukar ciwon, maganar da ta tsaya mini a rai. Garkuwar jikinsa ce ta lalace? In saya masa maganin ƙara garkuwa? Ƙannensa fa?

Wata uwa daga Kano

Amsa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba yaron lafiya, ya sa kaffara ne.

Idan abin da likita ya faɗa ya tabbata, kuma bayanin da kika kawo ya yi daidai da shi ƙwarai, to garkuwar jikin ɗanki ba ta lalace ba. Aiki take yi, da ƙarfi ma fiye da kima. Zazzaɓin, kumburin wuyan, kasalar, har wannan lamba ta 16,000, kusan duk daga aikin nata suka fito. Shi ya sa babu ƙwaya ko allurar da za ta yanke ciwon, kuma kuɗin maganin ƙara garkuwa asara ne kawai. Sai dai akwai wurare uku da wannan aiki na garkuwa kan yi ɓarna, saifa da maƙogwaro da hanta, akwai kuma wasu cututtuka masu kama da wannan da ya wajaba a tabbatar ba su ba ne. Za ki fi gane dalilin kowace doka da aka kafa masa idan kika san abin da ke gudana a jininsa.

Mai kawo wannan ciwo na zazzaɓin kaluluwa, wanda likita ya rubuta "glandular fever", wani bairos ne da ake kira Epstein-Barr, a taƙaice EBV, danginsu ɗaya da wanda ke kawo ƙarambau. Ta yawu yake shiga. Yakan sauka a tonsil, ƙullutan naman nan biyu da ke gefe da gefen maƙogwaro, domin a can abin da yake nema ya fi yawa, wato wani jinsin fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosait na B. Aikin ƙwayoyin B shi ne sarrafa antibodi, sinadaran da ke manne wa ƙwayar cuta don a gane ta a kashe. A jikin bairos ɗin akwai furotin mai suna gp350 da ke kama wata mariƙa mai suna CD21 a fatar ƙwayar B, wani furotin kuma, gp42, ya buɗe masa hanyar shiga. Idan ya shiga ba ya kashe ƙwayar nan take. Tilasta mata yake ta riƙa rabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, kowacce ɗauke da bairos ɗin a cikinta. Wasu daga ciki su fashe su zubar da sababbin bairos a cikin yawu, wasu su bi jini su bazu. Duk wannan yana faruwa cikin mako 4 zuwa 6 ba tare da mutum ya ji komai ba. Ke nan ɗanki ya ɗauki abin nan wajen wata biyu da suka wuce.

Waɗanda kan fara tarar ƙwayoyin B da suka kamu su ne ƙwayoyin NK. Su ba sa buƙatar sun taɓa ganin cutar, da sun ga ƙwayar jiki ta sauya kama sai su kashe ta. Suna rage ɓarnar, amma ba sa iya gamawa da ita. Babban aikin na wani jinsin limfosait ne, ƙwayoyin T masu alamar CD8.

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗora gutsattsarin furotin ɗin da ake sarrafawa a cikinta a kan fatarta, kamar yadda mai talla ke jera samfurin kayanta a saman faranti. Idan bairos na ciki, gutsattsarinsa ma za su fito. Ƙwayoyin T suna zagayawa suna dubawa, kowacce kuma siffa ɗaya tak ta sani. Kafin ciwon, waɗanda suka san siffar EBV a jikin ɗanki 'yan ƙalilan ne. Da ɗaya ta ci karo da abin da ta sani, sai ta fara rabuwa, sau biyu zuwa uku a yini, 'ya'yanta ma haka. Kowacce idan ta riski ƙwayar B da ta kamu sai ta manne mata, ta huda fatarta da wani furotin mai suna fafforin, ta zuba mata wasu sinadarai da ke sa ta mutu daga ciki. A zazzaɓin kaluluwa wannan hayayyafar takan wuce yadda ake gani a yawancin cututtuka. Adadin ƙwayoyin CD8 a jini yakan ninka sau 5 zuwa 10, kuma a wasu majinyata kusan rabinsu EBV kaɗai suke farauta. Ranar da wannan ambaliya ta fara ita ce, kusan, ranar da zazzaɓi ya fara.

Da wannan za ki iya karanta alamomin nasa ɗaya bayan ɗaya. Kaluluwar wuya ita ce wurin da ƙwayoyin T ke hayayyafa, ta cika ta kumbura ta yi zafi, kuma a wannan ciwo ta bayan wuya ce ta fi fitowa, abin da ba a cika gani ba a ciwon maƙogwaro na yau da kullum. Tonsil sun kumbura sun yi wani farin abu a kai domin a can gumurzun ya fi tsanani, farin abin matattun ƙwayoyi ne. Zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, rashin cin abinci da barcin da ba ya ƙarewa sun fito ne daga sinadaran saƙo da ƙwayoyin T ke fitarwa, irin su intaferon-gama da TNF, waɗanda ke sa ƙwaƙwalwa ta ɗaga zafin jiki ta kuma kwantar da mutum. Wasu majinyatan fatar idonsu kan kumbura, wasu a ga jajayen ɗigo a rufin baki ta can ciki. Ƙwayoyin nan sukan kutsa hanta, shi ya sa 8 zuwa 9 cikin majinyata 10 gwajin hantarsu ke hawa, ko da yake waɗanda idonsu ke yin rawaya ba su wuce 1 cikin 10 ba. Sukan kuma cika saifa.

Yanzu maganar ƙanwarki. Tsoronta ba na banza ba ne, domin a takarda sakamakon biyu kan yi kama. Lafiyayyen baligi yana da fararen ƙwayoyi 4,000 zuwa 11,000 a kowace maikirolita ta jini, limfosait kuma kashi 20 zuwa 40 ne. A zazzaɓin kaluluwa jimillar takan kai 10,000 zuwa 20,000, limfosait su haura kashi 50, masu sauyin siffa kuma su haura kashi 10. Na ɗanki ya faɗa tsakiyar wannan ma'auni. Masu sauyin siffar su ne ƙwayoyin CD8 da ke bakin aiki, sun yi girma, cikinsu ya yalwata, gefensu yana lanƙwasa ya rungumi jajayen ƙwayoyin da ke kusa. Tun 1923 masana biyu a Amurka, Downey da McKinlay, suka bayyana su. Ƙwararren mai duba jini a madubin gwaji yana bambanta su da na sankara, saboda waɗannan kowacce da irin siffarta, na sankara kuwa duk iri ɗaya suke, kuma ɗanyu ne da ba su nuna ba. Ki duba wasu layuka biyu a takardar. A sankarar jini mai saurin tashi yawanci jinin mutum yakan yi ƙasa sosai, ƙwayoyin daskarar da jini, wato filatilet, su faɗi, har dasashi ya riƙa jini ko fata ta yi tabo ba tare da bugu ba. A zazzaɓin kaluluwa ma'aunin jini yakan zauna daidai, filatilet kuma ko su zauna daidai ko su ɗan sauka kaɗan. Shawararmu a nan ita ce ki tambaya ko likitan jini ya duba shafen jinin da idonsa, ba na'ura kaɗai ba, sannan a sake gwajin bayan mako 3 zuwa 4. Lambar da ke sauka ita ce shaidar da za ta fi kwantar miki da hankali.

Ba ki ambaci gwajin da ya tabbatar da EBV ɗin ba, kuma muna ganin ya kamata a yi. Mai sauƙin shi ne Monospot. Da yake bairos ɗin ya tunzura ƙwayoyin B barkatai, sukan zubo antibodi iri-iri marasa alƙibla, har da wasu da ke dunƙule jajayen ƙwayoyin jinin doki ko tunkiya, su gwajin ke nema. A makon farko yakan kuskure majinyaci 1 cikin 4, amma a mako na uku da ɗanki ke ciki ya fi kama gaskiya. Wanda ya fi shi inganci shi ne na antibodin EBV kansa. Idan antibodi mai suna VCA IgM ya fito, wani mai suna EBNA IgG kuma bai fito ba, sabon kamu ne. EBNA ba ya bayyana sai bayan wata 2 zuwa 3, saboda haka idan an same shi yanzu, ɗanki ya daɗe da bairos ɗin, sai a nemi wani dalilin ciwon. Bairos ɗin CMV da ƙwayar tokzofilasma duk suna kawo irin wannan hoto.

Akwai gwaje-gwaje biyu da ba za mu so a tsallake ba. Na farko gwajin ƙanjamau. Kada wannan ya ɓata miki rai, ba zargi ba ne. Makonnin farko na kamuwa da ita suna zuwa da zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, kaluluwa da ƙuraje, kuma ƙa'ida ce a gwada duk baligin da ya zo da wannan hoto. Idan gwajin gaggawa na ɗigon jini aka yi ya fito babu, a maimaita bayan wata 3. Ki bar shi ya shiga wurin likita shi kaɗai, shekara 19 ba yaro ba ne, akwai tambayoyin da ba zai amsa a gabanki ba. Na biyu gwajin maleriya na gaskiya, domin tana iya haɗuwa da wannan ciwo, kuma ita ma tana kumbura saifa. Ki kuma tabbatar likita ya leƙa maƙogwaron da mashaƙo a ransa, ganin yadda ta yi ɓarna a Kano a 2023. Fatar mashaƙo toka-toka ce, a manne take, tana jini idan an taɓa, kuma an fi ganinta ga wanda bai kammala riga-kafi ba. Shi kuwa taifot ɗin da aka ce, idan da gwajin Widal aka kama shi, kada ki ɗora komai a kai. Gwaji ne mai yawan nuna abin da babu.

Ƙurajen daga Ampiclox suka zo. A cikinsa akwai amfisilin, kuma shi da ɗan'uwansa amoksisilin sun yi suna wajen feso da ƙuraje ga mai zazzaɓin kaluluwa, yawanci kwana 5 zuwa 10 bayan fara sha. Tsofaffin rahotanni sun ce kusan kowa, na baya-bayan nan sun ce kimanin 1 cikin 3. Dalilin shi ne garkuwar da ke a tunzure takan ɗauki maganin a matsayin abokin gaba na ɗan lokaci. Maganin tun farko bai da abin yi a nan, domin bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa bairos. Ya daina sha idan bai daina ba. Ƙurajen kan baje cikin mako ɗaya zuwa biyu, kuma setirizin miligiram 10 sau ɗaya a rana yana rage ƙaiƙayi. Yawancin masu irin wannan ba sa zama masu rashin jituwa da dangin fenisilin har abada, amma wasu kan zama, saboda haka a rubuta a katinsa, kuma kada ya sake shan su sai likita ya tantance. Idan ƙurajen suka yi bororo, fata ta fara saɓulewa, baki ko ido suka yi gyambo, ko fuska ta kumbura, asibiti a ranar. Idan kuma gwajin maƙogwaro ya nuna akwai bakteriyar sitiref a kai, likita yana da wasu magungunan da zai zaɓa.

Saifa ce ta sa aka hana shi ƙwallo, kuma a nan muke roƙonki ki tsaya tsayin daka ko da ya ji haushi. Tana ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, tsawonta wajen santimita 11 zuwa 12, an lulluɓe ta da siririyar fata, cikinta kuwa jini ne fal. A wannan ciwo limfosait sukan cika ta har ta ninka girmanta, su kuma kutsa cikin fatar tata su raunana ta. Likita yakan ji kumburin da hannu ga kusan rabin majinyata, hoton sikanin kuwa yakan nuna shi ga kusan kowa, don haka rashin jin ta da hannu ba izini ba ne. Fashewarta ba ta da yawa, mutum 1 zuwa 5 cikin 1,000, amma ita ce hanyar da ciwon nan mai sauƙi ya fi kashe matashi. Mafi yawan fashewar cikin kwana 21 na farko take faruwa, kusan duka cikin wata guda, kaɗan har mako 8, kuma da yawa ba tare da wani bugu na kirki ba. Ɗanki yana kwana na 16, yana tsakiyar lokacin haɗarin.

Abin da wannan ke nufi a aikace: babu ƙwallo, babu kokawa ko da ta wasa da ƙannensa, babu ɗaga ƙarfe, babu ɗaukar jarkar ruwa ko buhu, babu tura mota, har sai an cika aƙalla mako 4 daga ranar da zazzaɓi ya fara. Doguwar tafiya a kan babur a hanya mai gargada ma ya haƙura. Kada kowa ya danna masa ciki don a ji saifar, kada a yi masa tausa, kada a yi tsaga ko ƙaho a wurin. Ya kiyayi taurin bayan gida, domin yunƙuri mai ƙarfi yana matse ciki. Bayan mako 4, idan zazzaɓi ya tafi kuma ƙarfi ya dawo, ya fara da tafiya da sassarfa. Wasan da ake karo a cikinsa sai likita ya duba shi, kuma ga ɗan ƙwallo mun fi son a kai mako 6 zuwa 8 ko a yi sikanin tukuna. Alamar fashewa ita ce ciwo mai tsanani a saman ciki ta hagu, ko ciwo a kan kafaɗar hagu wanda ke ƙaruwa idan ya ja numfashi, da jiri, da gumi mai sanyi, da bugun zuciya da sauri, da fari fat a tafin hannu. Wannan zubar jini ce a ciki. A kwantar da shi a mota a nufi asibitin da ake tiyata kuma ake da jini, kada a ba shi ci ko sha, a gaya musu tun daga ƙofa cewa yana da zazzaɓin kaluluwa. Idan yana da AS ko wani nau'in sikila, likita ya sani tun yanzu, domin saifar irinsu ta fi saurin samun toshewar jini.

Game da shawarar kakarsa, ki lallashe ta da girmamawa, amma kada aska ta kusanci maƙogwaron nan. Belin ba shi ne ciwon ba, kumburin maƙwabtansa ne ya shafe shi. Naman wurin a yanzu cike yake da jini, filatilet na iya zama ƙasa, yanka zai iya jawo zubar jini mai wuyar tsayawa, da ƙarin kumburi a hanyar numfashin da ta riga ta ƙuntata, ban da haɗarin tetanus da ciwon hanta daga ƙarfe. Abin da za ki sa wa ido shi ne numfashi. Idan ya fara minshari mai ƙara alhali ba ya yi a da, ko numfashinsa na fito, ko yawu na dalala don ya kasa haɗiyewa, ko ba ya iya kwanciya sai a zaune, ko ya kasa buɗe baki, a tafi asibiti ko tsakar dare ne. A irin wannan hali ne likita ke ba da maganin sitiroyid, irin su deksametason ko firedinisolon, don ya danne ƙwayoyin T ɗin kumburi ya sauka. A wajen wannan hali da wasu ƙalilan, ba a ba da shi, kuma kada mai kemis ya ba shi. Yana danne garkuwar da ke riƙe da bairos ɗin, kuma idan da wata sankara a ɓoye yana iya rufe ta ya rikita gwaji. Asaikulobiya ma, maganin bairos da ake ba mai ƙarambau, an gwada shi: yana rage bairos a yawu amma ba ya rage kwanakin ciwo, abin da ke ƙara nuna cewa martanin jiki ne ke kwantar da mutum.

Kulawar gida ba ta da wuya. Farasitamol, wanda shi ne Panadol, giram 1, wato ƙwaya biyu masu miligiram 500, duk bayan awa 6 idan da buƙata, kada ya wuce giram 4 a awa 24. Da yake hanta na cikin aiki, gara a tsaya a giram 3, kuma ki duba kwalin magungunan mura, yawancinsu akwai farasitamol a ciki, ta nan mutane ke zarce ƙa'ida ba su sani ba. Ibufurofen miligiram 400 bayan abinci, har sau uku a rana, yana taimakon maƙogwaro, amma ban da mai olsa, ko ciwon ƙoda, ko wanda ba ya shan ruwa sosai, ko wanda filatilet ɗinsa suka sauka. Asfirin a bar shi, musamman ga 'yan ƙasa da shekara 16. Ya riƙa kurkure maƙogwaro da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, sau huɗu ko biyar a rana. Ruwa lita 2 zuwa 3, kaɗan-kaɗan, ma'auninki kuma launin fitsari. Koko, kunu, yogot, ayaba, romo marar yaji, shayi da zuma, duk abin da zai wuce ba tare da kankarar wuya ba. Ya sha maganin ciwo rabin awa kafin cin abinci. Azumin nafila ya dakata, na farilla ma marar lafiya yana da rangwame ya rama. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe, musamman waɗanda ake bayarwa don ciwon shawara, a ajiye su, hantar da ke kumbure ba ta buƙatar ƙarin kaya. Idan idonsa ya yi rawaya, ko fitsari ya koma kalar baƙin shayi, ko ya yi awa 8 bai yi fitsari ba, ko ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, ko ruɗewa, ko rauni a ƙafa ko gefen fuska, a koma asibiti.

Zazzaɓi yakan sauka cikin mako 2 zuwa 3, maƙogwaro ma haka, kaluluwa takan ɗauki mako 4 ko fiye. A jini kuwa, da ƙwayoyin B masu ɗauke da bairos suka ragu, mafi yawan ƙwayoyin CD8 ɗin sukan mutu da kansu, a bar kaɗan masu tuna siffar EBV, kimanin kashi 1 ko 2 cikin 100, suna sintiri har ƙarshen rayuwa. Bairos ɗin ba ya fita. Yakan laɓe a cikin wasu ƙwayoyin B, ƙalilan cikin miliyan, ya daina sarrafa furotin ɗin da za a gane shi da su. Da ya motsa, masu sintirin su murƙushe shi. Don haka ba a cika yin ciwon sau biyu ba. Kasala ce ke daɗewa, kuma kimanin 1 cikin 10 suna jin ta har wata 6. Kwanciya dare da rana ba ta gaggauta warkewa, tana ma ƙara raunana jiki. Ya yi barci isasshe, ya riƙa ɗan zagayawa a gida, ya koma aji da zarar zazzaɓi ya tafi kuma zai iya zama, ya nemi takardar likita idan jarrabawa ta matso. Kada a kira shi malalaci a wannan lokaci.

Idan kika bincika a intanet za ki ga an haɗa EBV da sankara, gara ki ji daga gare mu. Gaskiya ne a cikin ƙwayoyin wata sankarar muƙamuƙin yara, wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, masu bincike uku, Epstein da Barr da Achong, suka fara ganin bairos ɗin a Landan a 1964, sai a 1968 aka gano shi ne ke kawo zazzaɓin kaluluwa. Waccan sankarar ta ƙananan yara ce a yankunan da maleriya ke yawan kama su tana raunana tsaron ƙwayoyin T. Ga matashin da ya yi zazzaɓin kaluluwa, abin da aka auna shi ne ɗan ƙarin haɗarin wata sankarar kaluluwa mai suna Hodgkin, kimanin mutum 1 cikin 1,000. Abin da wannan ke buƙata daga gare ki kaɗan ne. Kaluluwar da ta wuce mako 6 ba ta raguwa, ko take ƙara girma, ko ta yi tauri ba zafi, ko ta zo da gumin dare da rama, a nuna wa likita, domin tarin fuka ma yana yin haka.

Maganar sumbata kuma, kada ki gina hukunci a kanta. Hanya ce sananniya tsakanin matasa, amma duk abin da yawu ya taɓa hanya ne: robar ruwa ɗaya da 'yan ƙwallo ke zagayawa da ita, kofi, cokali, ledar fiya wata da aka fasa da haƙori aka miƙa wa aboki. Fiye da mutum 9 cikin 10 na baligai a duniya suna ɗauke da bairos ɗin, kuma lokaci-lokaci yana fitowa a yawunsu suna lafiya ƙalau, saboda haka ba za a taɓa sanin daga wa ya ɗauka ba. Abin da ya bambanta ɗanki shi ne bai haɗu da shi da wuri ba. Wani bincike a Akara ta Gana a shekarun 1970 ya nuna yawancin jarirai sun kamu kafin su cika shekara 2, ba tare da wannan ciwo ba, domin jikin ƙaramin yaro ba ya yin ambaliyar ƙwayoyin T mai kwantarwa irin ta matashi. A wata jami'a a Minesota ta Amurka kuwa, kimanin 3 cikin 4 na ɗaliban da suka kamu a karon farko sun kwanta. Wannan ne ya sa ciwon ya zama ruwan dare a Turai da Amurka, a wurinmu kuma ba a cika tunaninsa ba sai an gama da maleriya da taifot.

Ƙannensa mai yiwuwa sun riga sun haɗu da bairos ɗin tun suna goye, ke ma haka. Ba sai an killace shi ba, ba ya bin iska kamar ƙyanda, kuma babu allurar riga-kafinsa tukuna. Ya ware kofinsa da cokalinsa da buroshinsa, a wanke da sabulu, kada ya gutsura ya miƙa wa ƙaramin yaro, kuma ya san yawunsa zai ɗauki bairos mai yawa har wata 6 ko fiye. Idan a gidan akwai wanda aka yi wa dashen ƙoda, ko mai shan maganin sankara, ko mai ƙanjamau da bai daidaita a kan magani ba, a sanar da likitansa, domin su ne ƙwayoyin T ɗinsu ba su da ƙarfin riƙe shi. Haka kuma idan a danginki an taɓa rasa yaro namiji bayan irin wannan zazzaɓi, ki faɗa wa likitan ɗanki a zuwa na gaba, akwai wata larurar gado da ba ta da yawa wadda ke bi ta wajen uwa, kuma tana sauya yadda za a bibiye shi.